Yadda zaka sauka a otal mai kicin a bakin tekun Mombasa ba tare da aljihu ya yi kuka ba

Duk wanda ya taɓa leƙa farashin manyan otal-otal ɗin da suke jingine da ruwa a Nyali ko Diani, wajen Mombasa a ƙasar Kenya, ya san ba kowa aka gina wa su ba, kwana biyu kacal sai su lashe abin da mutum ya ware na sati guda. Amma a bayansu, tsallaken titi, akwai benaye da aka yanka gida-gida, kowanne da falonsa da ɗakin kwana ɗaya ko biyu ko uku, ga kicin ga banɗaki, ga mai gadi a get, ga wurin ninkaya guda na kowa da kowa a tsakar gida. Mutanen Kenya yawanci Airbnb suke ce musu ko da ba a manhajar aka kama ba. Wasu kamfani ɗaya ne yake tafiyar da ginin gaba ɗaya harda teburin karɓar baƙi, wasu kuwa kowane gida da mai shi daban, mai shi ɗin ma yana Nairobi ko waje, wani yaro ya bar wa mukulli. To wannan bambancin ka riƙe shi, domin a irin wannan masauki babu mai kawo maka komai sai abin da kuka yi magana a kai kafin ka biya, wuta da ruwa da gas da shara duk ciniki ne.

Abu na farko ka zaɓi wata. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu mutanen Nairobi ne suke kwararowa da iyalansu, gidan da ake bayarwa da araha sai ya ninka kuɗi, wasu ma su ce sai ka kama kwanaki da yawa a jere ko su ƙi baka. Haka lokacin Ista da hutun Agusta, sai dai basu kai Disamba ba. Afrilu zuwa Yuni kuma damina ce babba, Mayu ya fi kowanne ruwa, a nan ne farashi yake faɗuwa warwas amma zaka iya wuni a baranda kana kallon ruwan sama, ga ciyawar teku da iskar kudu take turowa ta jibge a kan yashi. Fabrairu da Maris ruwan teku garau yake amma zafin, hmm, zafi ne mai ɗanshi, gumi baya bushewa a jiki, wanda ya saba da busasshen zafin Kano ko Damagaram kar ya ce ai ni na saba. Ni in za a bi tawa, Satumba ko farkon Oktoba, ko kuma bayan tsakiyar Janairu lokacin da 'yan hutu suka watse yara suka koma makaranta. Yuli ma da daɗi, akwai sanyi-sanyi har fanka kaɗai ta isa da dare, wanda hakan kuɗi ne ya rage maka kamar yadda zaka gani a gaba.

Sai unguwa. Garin Mombasa kansa tsibiri ne, babu wani yashin wanka na kirki a cikinsa, bakin tekun yana arewa da kudu. In ka haye gadar Nyali ka yi arewa zaka samu Nyali, sai Bamburi, sai Shanzu, sai Mtwapa. Nyali unguwar masu hali ce, shiru, ga manyan kantuna irin su Naivas da Carrefour, gidajenta sun ɗan fi tsada amma mai iyali nan ya fi masa. Bamburi ta fi araha kuma nan ne bakin tekun gwamnati na Jomo Kenyatta yake, wanda kowa yake kira Pirates, ranar Lahadi ba masaka tsinke. Sai dai ka kula, Bamburi faɗi ne da ita, akwai ɓangaren bakin ruwa akwai kuma can ciki wajen Mtambo wanda sai ka hau abin hawa kafin ka ga teku, kuma duka biyun a talla Bamburi za a rubuta maka. Mtwapa garin dare ne, kiɗa har asuba, mai mata da yara ya bar ta kawai. A kudu kuma Diani ce, kamar kilomita 30 daga gari, cikin yankin Kwale, farin yashinta ya fi na arewa kyau nesa ba kusa ba amma komai ya fi tsada kuma komai da nisa, titi ɗaya ne dogo ya bi bayan otal-otal ɗin, cefane mai sauƙi sai ka shiga Ukunda.

Yanzu neman gidan kansa, nan ne aikin yake. Ka buɗe Booking.com ko Airbnb ka ware guda huɗu ko biyar, kar hotunan su ruɗe ka, hoton farko kusan kullum teku ne kuma ba lallai daga gidan aka ɗauka ba. Ka kwafi sunan ginin ka saka a Google Maps ka auna tafiyar ƙafa zuwa ruwa da kanka. Kuma ba nisan kaɗai zaka duba ba, ka nemi ta ina ake shiga, saboda manyan otal sun toshe gaban ruwan da katanga, yashin na kowa ne amma hanyar isa gare shi 'yan lunguna ne ƙalilan tsakanin katangu, sai ka ga gida a taswira kamar ka miƙa hannu ka taɓa ruwa amma sai ka yi zagayen minti ashirin cikin rana. Sannan ka karanta sharhin waɗanda suka kwana, ka fara da masu ƙorafi na watannin baya-bayan nan, masu yabo basu da abin da zasu koya maka. In mutum uku daban-daban sun ambaci abu ɗaya, ko ruwa ko ƙara ko kyankyaso, to gaskiya ne.

In ka rage saura biyu sai ka tura wa mai gidan saƙo, kuma a rubuce, kar ka yarda da waya, domin rubutun ne shaidarka. Tambayar da ta fi kowacce ita ce ta wuta. Gidajen nan yawanci mita mai kati ce, irin wadda muka sani, ana sayen lambobi daga kamfanin wutarsu Kenya Power a danna, to ka tambaya ƙarara wa zai saya. Wasu sun haɗa da kuɗin ɗaki, wasu zasu saka maka kaɗan na maraba in ya ƙare kai ka sani, wasu kuma suna da farashi biyu, da esi da babu esi. Esi ɗaya da ya kwana yana aiki yana shan wuta fiye da duk sauran kayan gidan a haɗe, mai ɗaki uku kuwa kowa ya kunna nasa, a nan arahar take zirarewa baka sani ba. Ka tambaya esin a kowane ɗaki yake ko babban ɗaki kawai, da yawa a talla zasu ce akwai esi ashe guda ɗaya ne. Ka tambaya in an ɗauke wuta akwai janareto, kuma yana ɗaukar cikin gidaje ko fitilun waje da famfon ruwa kawai yake ja.

Na biyu ruwa. Gine-gine da yawa a gaɓar nan rijiyar burtsatse suke amfani da ita kuma ruwan da gishiri-gishiri, sabulu baya kumfa sosai, shayi in ka dafa da shi sai dai ka zubar. Da wanka da wanki ba laifi, amma na sha da girki sai ka sayi babbar gora mai lita 20, in ta ƙare a sake cika maka da araha a shagunan ruwa na unguwa. Ka tambaya ko akwai gorar a gidan da abin ɗora ta. Mata masu kitso ko lalle su sani ruwan nan yana busar da gashi, a taho da mai.

Sauran tambayoyin gajeru ne amma kar ka tsallake ko ɗaya: hawa na nawa ne kuma akwai lifta, don in da tsohuwa a tafiyar hawa na huɗu ba lifta azaba ce. Tukunyar gas cike take ko ni zan cika. Sau nawa ake shara da canjin zanin gado da tawul, kyauta ne ko da kuɗi. Akwai gidan sauro a kan kowane gado da raga a tagogi, saboda gaɓar Kenya yankin zazzaɓin cizon sauro ne sosai. Mutum nawa aka yarda su kwana, yara suna cikin lissafi. Banɗakin akwai 'yar shawar tsarki ko in nemi buta. Wurin ninkaya yana aiki yanzu haka, kuma ana barin mace ta shiga da kaya masu rufe jiki, domin wasu gine-ginen suna da dokar irin kayan da ake shiga da su. Daga ƙarshe ka ce a ɗauko maka bidiyon gidan na yau, daga get har baranda, mai gaskiya baya jin nauyin wannan.

Batun biya kuwa, daren farko ko biyun farko ka biya ta cikin manhajar ko da ya ɗan fi tsada. Akwai masu buɗe shafi a Facebook da Instagram da hotunan gidan wani, su karɓi kafin alƙalami su kashe waya, musamman gab da Disamba. In ka iso ka ga gidan da idonka ya yi maka, sai ka zauna da mai shi ku yi cinikin sauran kwanakin kai tsaye, sati guda ko fiye ana ragi sosai in ba lokacin cunkoso bane, kuma kar ka ji kunyar tayawa, su ma 'yan ciniki ne. In sun nemi kuɗin ajiya na ko-ta-kwana saboda ɓarna, a rubuta nawa ne da ranar da za a dawo maka da shi.

Takardu. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, sai katin rigakafin shawara, wannan yalon katin, ana tambayarsa ga wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar. Tun Janairun 2024 Kenya ta soke biza ta koma izinin shiga na intanet da suke kira eTA, sannan a 2025 gwamnati ta cire wa 'yan Afirka wannan sharaɗin in banda Somaliya da Libiya, amma dai ka leƙa shafin hukumar shige da ficensu satin da zaka tashi kuma ka tambayi kamfanin jirgin, su ne zasu hana ka hawa in da matsala. Ka buga takardar kama masauki da tikitin dawowa a takarda ka riƙe a hannu, jami'in filin jirgi zai iya tambaya.

Hanya biyu ce mai sauƙi. Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano da Abuja da Legas, ka sauka Addis Ababa ka canza zuwa filin jirgin Moi na Mombasa kai tsaye. Ko Kenya Airways daga Legas zuwa Nairobi, daga nan ko ƙaramin jirgi irin Jambojet, wanda yake zuwa Mombasa yake kuma zuwa Ukunda dab da Diani, ko kuma jirgin ƙasa na Madaraka Express da aka buɗe a 2017. Jirgin ƙasan yana tashi daga Syokimau a gefen Nairobi ya sauke ka Miritini a gefen Mombasa cikin awa biyar zuwa shida, ya ratsa dajin Tsavo, in da rabo ka hango giwaye ta taga, kujerar talaka shilin 1,500 ce tun farkon 2024, ta manya 4,500, sai dai tikiti yana ƙarewa da wuri a lokacin hutu. Mai zuwa Diani a da dole sai ya bi jirgin fito na Likoni, layin motoci wani lokacin ya fi awa, amma tun 2024 an buɗe hanyar Dongo Kundu wadda take zagaye tsibirin daga wajen Miritini ta faɗa kudu, ka ce wa direba ita zaku bi.

Kana sauka ka nemi shagon kamfanin waya na Safaricom da fasfonka ka yanki layi a buɗe maka M-Pesa, wato asusun kuɗi na cikin waya, kar ka ɗaga wannan zuwa gobe. A Kenya komai da shi ake biya, daga mai kanti har mai kwakwa, kuma da shi zaka sayi katin wuta ƙarfe biyun dare in mita ta fara kuka. Kafin kuɗi su fita yana nuna maka sunan mai karɓa, ka karanta tukuna. Ka taho da dala sababbin bugu masu tsabta, tsofaffi da yagaggu 'yan canji suna ƙi ko su karya farashi, a 2025 dala ɗaya tana wajen shilin 129. Katin bankin naira kar ka dogara da shi shi kaɗai. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, cajarka zata shiga, 'yan Nijar da Kamaru da Chadi ne zasu nemi adafta. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Uber da Bolt suna aiki, a cikin unguwa kuma tuk-tuk ne, wato adaidaita sahu, ka yi ciniki kafin ka hau. A hagu suke tuƙi, in zaka tsallaka titi dama zaka fara dubawa, ka riƙe hannun yara sosai kwanakin farko. Wani abu kuma da yake sa mutane rasa jirgi: in direba yana maka lissafin lokaci da Swahili, daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe ɗayansu shi ne bakwai na safe, saa mbili takwas kenan, don haka ku rubuta lokacin da lamba a waya kowa ya gani.

Ka isa gidan, mai gadi zai nemi fasfo ya rubuta, ka bashi kwafi ka riƙe na ainihin. Kafin yaron da ya kawo mukulli ya tafi, ku zaga tare. Kunna kowane esi ka tsaya har ka ji sanyi, buɗe kowane famfo, ja ruwan masai, kunna gas, buɗe firji, gwada intanet ɗin a wayarka, gwada makullin ƙofar baranda. Ɗauki hoton mita da adadin da ke kanta da lambarta, ɗauki hoton duk wani abin da ka tarar a fashe ko da kofi ne ka tura wa mai gidan nan take. Minti goma ne amma shi zai dawo maka da kuɗin ajiyarka cif. Ka karɓi lambar mai kula da ginin, ba ta mai gidan kaɗai ba, shi ne yake kusa in ruwa ya ɗauke.

Kicin ɗin nan shi ne dalilin zuwanka irin wannan masauki, in zaka riƙa cin abinci sau uku a gidajen abincin bakin ruwa to gara ka kama otal kawai. Tsarin da ya fi shi ne karin safe da abincin dare a gida, na rana a waje. Ranar farko ka shiga babban kanti ka sayi shinkafa, pishori tasu mai ƙamshi ce, da mai da sukari da madara da ganyen shayi, shayin Kenya ba sai an faɗa ba, da garin masara wanda suke ugali da shi, tuwo yake yi sumul. Kayan miya da 'ya'yan itace kuwa kasuwar Kongowea, tana nan kusa da gadar Nyali, da sassafe, mangwaro da abarba da ayaba kamar a baka kyauta in ka gwada da kanti. Kayan ƙamshi sai Marikiti a cikin gari. Kifi ka saya da safe hannun masunta ko shagon kifi, ka duba idonsa garau ne. Mahautan gaɓar yawanci Musulmi ne amma a babban kanti akwai ɓangaren naman alade, ka duba tambarin halal ko ka tambaya. Daga gida ka ɗauko yaji da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, manja ma wuyar samu yake, amma ka zuba su a roba mai murfi, kar ka ƙulla a leda, Kenya ta haramta leda tun 2017 kuma da gaske suke, tarar mai nauyi ce. Kilishi da dambun nama ka bar su a gida, kwastan zasu iya karɓewa. Da rana ka shiga gidan abincin Swahili na unguwa ka ci pilau ko biriyani ko kifin da aka gasa da miyar kwakwa, da safe wata rana ka sayi mahamri, wani soyayyen burodi nasu, da waken mbaazi, zaka ƙoshi da kuɗi kaɗan. In a Diani kake kar ka bar ƙofar baranda a buɗe ko na minti ɗaya, birai suna shigowa har kicin su ɗauke burodi da sukari a gabanka.

Sallah kuma ga inda namu suke kuskure: mun saba gabas, a Mombasa kuwa alƙibla arewa take kusan sak, domin garin yana kudu da Makka a kusan layi ɗaya. Tekun ne yake gabas, ta cikinsa rana take fitowa, in ka fuskance shi ka kauce, ya kamata ya kasance a damanka. Masallatai ko'ina akwai su, mutanen yawanci Shafi'awa ne, zaka ji ana bayyana bisimilla ana kuma ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u. Juma'a ɗaya ka daure ka shiga tsohon gari ka yi a can, daga nan ka taka zuwa Fort Jesus, ganuwar da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593. A Diani ma akwai tsohon masallacin Kongo a ƙarshen yashin ta arewa, tsakanin manyan kukoki.

Shi kansa tekun sai ka san lokacinsa. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin, farkon watan Musulunci da tsakiyarsa cikar ta fi girma janyewar ma ta fi nisa. Akwai jerin duwatsun murjani can gaba da suke tare manyan igiyoyi, shi yasa ruwan bakin yake kwance, amma in ya janye sai ka tarar da fili da tsakuwa da ciyawa babu wurin wanka. Ka duba jadawalin cikar teku na Mombasa a waya, ka fita awa ɗaya ko biyu kafin ya cika. In ya janye mutane suna takawa har wajen murjanin, da kyau a gani, amma ka saka takalmin roba saboda wasu halittu masu ƙaya baƙaƙe da suke maƙale a duwatsu, kuma ka juyo da wuri, dawowar ruwan ta fi tafiyarka sauri. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya iya ƙugu, tayar motar da yara suke bayarwa haya bata ceton kowa. Samarin bakin teku zasu taso maka da tallan kwale-kwale da hawan raƙumi da sarƙoƙi, ba faɗa, ka ce hapana asante, wato a'a na gode, ka ci gaba da tafiya, in kuma kana so to a gama magana a kan kuɗi tukuna, na mutum ɗaya ne ko na kowa, kuma kuɗin shiga gandun ruwa na hukumar namun daji yana ciki ko babu. Fasfo da manyan kuɗi su zauna a gida cikin akwati a kulle, kuma bayan magariba a bar yawo a kan yashi inda babu haske.

Ana gobe zaka tafi ka kira mai kula da gidan ku tsayar da lokacin da zai zo ya duba, yawanci ƙarfe goma na safe ake so a fita, in jirginka na dare ne ka roƙi a barka zuwa la'asar ko a ajiye maka kaya, in babu mai shigowa ranar sukan yarda. Kwana biyun ƙarshe ka riƙa sayen wuta kaɗan-kaɗan don abin da ya rage a mita ba a dawo maka da shi. Ku duba gidan tare, a tura maka kuɗin ajiyarka ta M-Pesa kana tsaye, sannan ka cire su a wajen wakili ka canza tun kana gari, shilin bashi da kasuwa a Wapa. Ragowar shinkafa da mai ka bar wa mai shara da mai gadi harda ɗan abin shan ruwa. Daga Nyali ko Bamburi zuwa filin jirgin Moi sai ka ratsa gadar Nyali da cikin gari, in da safe ne ko yamma lokacin tashi daga aiki ka ƙara awa guda a kan abin da taswira ta nuna maka.